Shekarar da Aka Ware wa Jingarmu Kuɗi

Na so in tsallake wannan babi. Niyyata in wuce kai tsaye zuwa shekarun ritaya, in ba ku labarin jikoki da lambun da na yi a bayan gida, sai ga autarku Safiya ta dawo daga wani biki a Tungar Ɗinya idanunta jawur. Wata yarinya da ba a ma haifa ba lokacin da abin ya faru ta tambaye ta a gaban mata, wai ko har yanzu a gidan jinga muke zaune. Gidanmu na unguwar Minanata a Sakkwato ke nan, wanda ni da ubanku muka yi shekaru muna ɗora bulo kan bulo, wanda a cikinsa uban naku ya rasu. Shi ake kira gidan jinga, wato gidan da aka gina da kuɗin da na sace wa mutanen garinmu. Na daɗe ina haɗiye wannan magana, amma tunda ta tsallake ni ta fara cizon 'ya'yana, dole in faɗa muku yadda aka yi.

Ku da kuka tashi a birni sai na gaya muku mene ne jinga. Tungar Ɗinya a bakin fadama take, kuma shinkafa ce ranmu. Tsakanin gonakin da gulbi akwai wani dogon tudun ƙasa da kakanni suka tara da hannu, shi ke tare ruwa in gulbi ya kawo. Shi ne jinga. Ba siminti, ba dutse, ƙasa ce da kirare da buhunan yashi, don haka kowace damina sai ta zaizaye. Da bazara ta yi, kafin ruwan farko, sai a kira gayya, duk namiji mai ƙarfi ya fito da kwando da shebur, mata su dama fura, a toshe inda ya ɓule, a ƙara mata tsawo. Ubanmu ne ke kiran wannan gayya, da ya rasu sai ta koma hannun wana, Yaya Umaru. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar uban namu, shi ya tsaya kai da fata aka bar ni na yi boko lokacin da dangi ke cewa a cire ni. Mutum ne mai tsare gida, ba ya yawan magana, kuma in ya ɗauki abu a ransa ya ɗauka ke nan.

Ni kuwa a lokacin ina aiki a ofishin da ake haɗa kasafin kuɗin jiha, teburina shi ne na hasashen kuɗin shiga. Aikin bai da wani sirri. Kasafi gefe biyu ne: abin da ake sa ran zai shigo, da abin da ake so a kashe. Abin da ke shigowa kuwa ƙofa biyu gare shi, kason da ke zuwa daga tarayya wata-wata, wanda ke hawa da sauka da farashin mai, sai kuma abin da jiha ta tara da kanta ta hanyar haraji da kuɗin kasuwa da na filaye da makamantansu. Nawa shi ne in duba abin da ya shigo bara da bara waccan da shekarun baya, in ga inda iska ke kaɗawa, in ce ga abin da mai hankali zai sa rai da shi baɗi. A waccan shekarar iskar ba ta da kyau. Farashin mai ya faɗi, kason tarayya sai raguwa yake wata bayan wata, harajin cikin gida kuwa tun da na shiga ofishin nan bai taɓa kaiwa kusa da abin da muke rubuta masa ba. Na yi lissafina, na kai wa Darakta.

Daraktan nan ba zan ambaci sunansa ba, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba ɓarawo ba ne, kuma wannan ya fi ƙona mini rai, don da ɓarawo ne da na san inda zan ajiye shi. Mutum ne mai son a rabu lafiya. Ya ajiye takardata kusa da tulin ayyukan da ma'aikatu da 'yan majalisa suka turo, hanyoyi, asibitoci, rijiyoyin burtsatse, kowa da nasa, ya ga tsakanin gefen biyu akwai giɓin da raƙumi zai wuce ta ciki. Maimakon a rage ayyukan, sai ya turo mini takardar.

"Hajiya Kulu, ɗaga shi, shi haɗu."

"Ranka shi daɗe, da mi za ni ɗaga shi? Bara ba mu kai ba, bara waccan ba mu kai ba."

"Takarda ta, Hajiya, ba aya ba."

Ya yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Wai ba a taɓa kai wa majalisa kasafin da ya gaza na bara ba, abin kunya ne, za a ce jiha ta ci baya. Wai kowane ɗan majalisa yana so ya koma mazaɓarsa da abin faɗi, in aka cire aikin wani ba za a kwana lafiya ba. A rubuta duka, in kuɗi suka zo a yi, in ba su zo ba ai ba wanda aka yanka. Na ƙi ɗagawa da hannuna, na rubuta dalilina na sa a fayil. Ba a yi faɗa ba. Aka miƙa wa teburin da ke kusa da nawa, kafin la'asar gefen biyu sun haɗu cif, kamar an auna da mudu.

To a cikin ayyukan da aka cusa a waccan shekarar akwai layi guda, gina jingar Tungar Ɗinya da siminti da dutse. Ɗan majalisar yankinmu ne ya sa shi, ban roƙa ba, ban ma sani ba sai da na gani. Da na gani kuwa ban yi murna ba, don na san yadda ake rabon abin da ya shigo. Albashi ne farko, don in ba a biya ba gari zai ɗauka. Sai kuɗin tafiyar da ofisoshi, man motoci, tafiye-tafiye, taruka. Sai manyan ayyukan da idon manya ke kansu, waɗanda ke bakin titi inda za a gani. Abin da ya rage, in ya rage, shi ke kaiwa ga irin su jingarmu. A shekarar da kuɗi ke raguwa, na san ko ƙurar siminti Tungar Ɗinya ba za ta gani ba.

Ga inda gizo ke saƙar. Ranar da aka gabatar da kasafin, aka karanta fassararsa a rediyo da Hausa, mai karantawa ya ce an ware kuɗi domin gina jingar Tungar Ɗinya. Haka ake cewa kullum, an ware, kuma ba wanda ya taɓa tsayawa ya auna kalmar. A ofis, in muka ce an ware, nufinmu an rubuta. Tsakanin an ware da an saki akwai tafiya mai nisa, fayil ya bi tebura, a sa hannu, a jira kuɗi su shigo, kuma galibin layukan nan a hanya suke mutuwa. Amma manomi in ya ce ya ware, ya buɗe rumbu ne ya ɗebi hatsi da hannunsa ya ajiye gefe. Haka ake ware iri, haka ake ware zakka. Abin da aka ware yana nan, ana ganinsa, ko yunwa ake yi ba a taɓa shi, wanda ya taɓa kuwa ya ci amana. Da wannan kunne mutanen garinmu suka ji maganar. A wurinsu kuɗin jinga na nan a ɗaure a wani ɗaki a Sakkwato, an rubuta sunansu a jiki, kuma 'yarsu Kulu ce ke zaune a bakin ƙofar ɗakin.

Aka yi ta yi mini waya ana sa albarka. Tsofaffin da suka so a cire ni daga makaranta su ne kan gaba wajen cewa dama sun san yarinyar nan za ta yi rana. Ina cewa ba ni na sa ba, ana cewa kunya ce irin ta Kulu. Ban bari mako ya zagayo ba na shiga mota na tafi. Na sami Yaya Umaru a zaure, na gaishe shi, na ce masa don Allah bana ma ya kira gayya yadda aka saba, kada a yi wanka da kashi don ganin hadari. Na ce furar gayyar da goronta duk a kaina.

"Kulu, da kunnena nij ji. Cewa anka yi an ware."

"Yaya, ba a ware komi ba. Rubutu na anka yi. Daga ofishinmu abin yah hito, na san abin da ag ga ciki."

"To in babu, mis sa kunka ce akwai?"

Wannan tambaya har yau ba ni da amsarta da za ta shiga kunnen mai gaskiya. Na yi ta kewaye-kewaye, farashin mai, kason tarayya, hasashe, giɓi. Ina magana ina jin yadda bakina ke kama da na mai ɓoye wani abu. Ya saurare ni har na gama, ya ce zai yi shawara. Na san a ransa ya fara lissafin yadda za a ce a zamaninsa ne aka huta da ɗaukar kwando, kuma ƙanwarsa da ya tsaya wa ce sila. Ban ga laifinsa a nan ba, ko ni ce haka zan so.

Da an bar ni da shi, ina jin da na shawo kansa. Amma ana cikin haka ɗan majalisar ya zo garin karɓar godiya, da motoci da 'yan rakiya da wasu samari masu ɗauke da abin awo. Suka bi jingar suna kafa turaku masu jan fenti, aka kafa allo a bakin hanya. Aka taru a filin makarantar firamare, maza a gaba, mu mata a gefe ƙarƙashin dalbejiya. Ya ce aiki ya zo, ɗan kwangila na kan hanya. Sannan ya faɗi maganar da ta kashe gayyar: wai kada kowa ya taɓa jingar, don in gwamnati ta zo ta ga sun gyara abinsu, za ta ce ba su da buƙata, a kwashe kuɗin a kai wani gari. Ban san lokacin da na miƙe ba, mace a taron maza, a garin da aka san ni tun ina tallan gyaɗa.

"Ranka shi daɗe, ka hwaɗa musu gaskiya. Kuɗɗin ga an sake su, ko rubuta su anka yi? In ruwa yaz zo, takarda ba ta tare shi."

Shi kuwa gogagge ne, bai ko ɓata fuska ba. Ya yi dariya, ya nuna ni da hannu.

"Kun gani? Ɗiyarku ita ad da makulli. In kun ga ba a saki ba, kun san wadda za ku tambaya."

Aka bushe da dariya, har da tafi. Wasa ya yi, ya kuɓutar da kansa, ya shiga mota ya tafi, kuma na tabbata kafin ya kai kwalta ya manta. Ni ya bar wa maganar. Ban taɓa riƙe makullin komai ba a rayuwata ta aiki sai na durowar teburina, amma tun daga ranar duk Tungar Ɗinya ta shaida cewa babban mutum ya faɗa a bainar jama'a makulli na hannun Kulu.

Labari ya riga ni isa Sakkwato. Aka ce ma'aikaciyar gwamnati ta je ƙauye tana kushe kasafin gwamnati a gaban ɗan majalisa. Darakta ya kira ni, bai yi faɗa ba, ya ce da na yi shiru, ai kowa ya san yadda abin yake. Na ce kowa a ofis ya sani, su da za su ci ruwan ba su sani ba. Ba a daɗe ba takardar canjin wurin aiki ta fito, aka mai da ni sashen ajiye tsofaffin fayiloli, wani ɗaki a bayan gini inda ni da gara muke gaisawa kowace safiya. Ba a rage mini albashi ba, ba a tuhume ni da komai ba, an dai ajiye ni inda bakina ba zai kai ko'ina ba. A nan na ƙarasa shekarun aikina, ina kallon waɗanda na koya wa aiki suna wuce ni ɗaya bayan ɗaya.

Ubanku, Malam Nasiru, ɗan gidan malamai ne, an raine shi a kan cewa haƙuri maganin zaman duniya. Ya ce na yi abin da ke kaina, in bar wa Allah sauran. Na ce masa Malam, haƙurin nan naka da shi za a toshe jinga? Ya yi murmushi ya ci gaba da duba littafinsa. Ba na jin ya taɓa fahimtar abin da ke cina sai daga baya. A lokacin muna haya a unguwar Gidan Dare, ginin Minanata kuwa mun fara shi tun babbar yayarku na goye, in an samu a yi ɗaki, in ba a samu ba a bar shi ciyawa ta rufe. A waccan shekarar aka raba gadon gidansu Malam, ya sayar da rabonsa na gona, muka ce bari mu ƙarasa mu huta da haya. Aka kawo mana siminti daga kamfanin Kalambaina, aka jibge a ƙofar ginin, aka rufe da leda.

Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, ba ɗan kwangila ba dalilinsa. Turakun nan har awaki sun ture wasu. Sai ga Yaya Umaru a Sakkwato, shi da ba ya son birni. Ya je ofis aka ce masa an ɗauke ni daga wurin kuɗi, an kai ni baya. Ya je Gidan Dare aka ce ina wurin gini. Ya same ni a Minanata tsaye a kan magina, tulin siminti a bayana. Na ga idonsa ya sauka a kan buhunan ya daɗe bai ɗauke ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, ya ce ya sha a hanya. Ya ce mutane sun matsa masa, in taimaka in saki ko rabi ne a fara. Na sake gaya masa ba ni da abin saki, babu kuɗin, ba a taɓa samunsu ba, ya koma yau ɗin nan ya kira gayya ko da rabin aiki ne a yi. Ya ce lokaci ya ƙure, samari sun watse, kowa ya shiga sharar gona. Ya miƙe, ya sake duban simintin, ya ce Allah ya sa albarka a gini. Da na gaya wa Malam, ya ce mu kwashe simintin mu kai musu. Na ce buhunan da ba su isa rufe ɗaki uku ba me za su yi wa jingar da ba a ganin ƙarshenta, kuma in muka kai, ai mun ce mun ɗauka ne muka mayar.

Damina ta yi ƙarfi a waccan shekarar. Shinkafa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba, ta fara fitar da kai, sai gulbi ya kawo. Jingar ta ɓalle a daidai wurin da kowa ya san yana buƙatar toshiya, wurin da gayyar yini biyu za ta iya riƙewa. Ruwa ya kwanta a fadamar har sai da komai ya ruɓe. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, amma ba wanda ya kai ko dami ɗaya gida. Yaya ya sayar da shanun nomansa. 'Ya'yansa biyu suka tafi cin rani kudu, ɗaya bai sake dawowa da zama ba. Gidajen da ke ba da zakka suka koma karɓa.

Mutum in ya yi asara irin wannan sai ya sami wanda zai ɗora wa. Da farko kan Yaya aka yi, shi da bai kira gayya ba. Gwamnati ta yi nisa, ba ta da fuska. Ɗan majalisa ya turo buhunan masara na jaje, aka yi masa addu'a. Sai aka fara haɗa ɗaya da ɗaya. An ce an ware, kowa ya ji. An ce makulli na hannun Kulu, kowa ya shaida. Ita kaɗai ce tun farko take cewa babu, to ta yaya ta sani in ba ita ta kwashe ba? An cire ta daga wurin kuɗi, ai ka san an kama ta ne aka rufa mata asiri. Ga siminti an gani da ido, ga shi ta tare a sabon gida a shekarar da garinsu ke yunwa. Rijiya ta bayar, guga ya hana, haka ake faɗa a bakin kasuwa. Ku duba fa: gargaɗin da na yi ya zama shaida a kaina, horon da aka yi mini don na faɗi gaskiya shi ma ya zama shaida a kaina. Na yi biyu babu, ofis na ganina mai tona asiri, gida na ganina ɓarauniya.

Da shekara ta ƙare aka fitar da rahoton abin da aka kashe a zahiri, na samo kwafi na tafi da shi. Na buɗe wa Yaya, na nuna masa layin jingarmu, na nuna masa gurbin abin da aka saki, babu komai a ciki. Na ce ya kira duk ɗan bokon da ya yarda da shi ya karanta masa. Bai karɓa ba.

"Takarda wadda tac ce akwai, da wagga da tac ce babu, ba wuri guda anka rubuta su ba?"

Na ce wuri guda ne. Ya ce to shi ya gaji da takarda. Kuma gaskiyarsa, mu muka koya masa haka. Abin da nake so ku gane ke nan game da aikin da na ba ƙuruciyata. Ana ganin ƙara gishiri a hasashen kuɗin shiga ba laifi ba ne, tunda ba aljihun kowa ya shiga ba. To ga inda yake shiga. Kowane layin da aka rubuta alhali an san ba kuɗinsa, akwai wasu mutane a wani wuri da za su ajiye kwandonsu su zauna jira. Da an rubuta musu gaskiya, an ce bana babu, da sun yi gunaguni sun fito da sheburansu, shinkafarsu na nan. Ƙaramin kasafi na gaskiya bai taɓa cinye gonar kowa ba. Abin haushin ma, layin nan bai mutu ba. Shekara ta zagayo aka kwafe shi aka sake sawa, rediyo ya sake cewa an ware, haka wata shekarar, haka ta gaba. Mutanenmu sun koma gayyarsu, ba su sake jira ba, amma duk lokacin da suka ji sanarwar sai a ce Kulu ta sake samu. Har bayan na yi ritaya ina zaune a gida ina jan carbi, ina ci gaba da cin kuɗin jinga.

Yaya bai taɓa ce mini ɓarauniya ba, ko sau ɗaya. Da ya faɗa da na ji daɗi, da mun yi ta ta ƙare. Ina zuwa gaisuwa ya amsa, in an yi rasuwa mu zauna tabarma ɗaya, amma bai sake taka gidana ba, abin da na aika kuwa sai ya raba wa maƙwabta bai taɓa ba. Na gane daga baya cewa yana buƙatar in zama na ci. In ban ci ba, to shi ne mutumin da ƙanwarsa ta zo har zaure ta roƙe shi ya kira gayya ya ƙi, garin ya rasa abincin shekara. Wannan kaya ya fi ƙarfin wuyansa, sai ya bar shi a nawa.

Da ciwon ajalinsa ya yi tsanani aka aiko in zo. Na isa da hantsi, ɗakin cike da mutane, matansa, 'ya'yansa, limamin garin, tsofaffin da suka san komai tun farko. Ya rame har ban so in dube shi ba. Aka ce masa ga Kulu. Ya lalubo hannuna ya riƙe, irin riƙon da yake yi mini in zai tsallakar da ni gulbi ina ƙarama. Ya yi magana a hankali, amma kowa ya ji.

"Kulu, abin ga da yaw wuce, na yahe miki. Duniya da lahira. Na roƙi mutane su ma su yahe."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Maganar na bakina, Yaya ban ci ba, wallahi ban ci ba. Na dubi fuskarsa, na ga yadda ya sami sauƙi da ya faɗa, ya sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi, yana ganin ya yi wa ƙanwarsa alheri na ƙarshe. In na musa, sai in mayar masa da kayan nan a kan gadon mutuwarsa, a gaban 'ya'yansa. Kowa na jirana. Na ce na gode, Yaya, ni ma na yafe maka. Liman ya ce alhamdu lillahi, mata suka fara share hawaye, na ji wata a bayana ta sauke ajiyar zuciya ta ce to, ai gara da ta amsa. Kafin azahar ya cika.

Wannan godiyar ita ce hujjar da ake kafawa da ita har yau, wai na amsa da bakina a gaban liman. Ban yi nadamarta ba, ko yau aka sake haka zan ce masa. Amma shi na ba ita, ban ba Tungar Ɗinya ba, kuma ban yarda a gadar muku da ita ba. Yayana ya tafi yana ganin ya yafe wa ɓarauniya, wannan ba ni da yadda zan gyara shi sai mun haɗu. Ku da kuke raye, ku ji daga bakin uwarku: ban ci ba, ba kuma abin da za a ci ɗin, don ba a taɓa ware komai ba.